Wardin Malam Ukasha Ya Ƙi Rashin Lafiya

A bakin titin da ya bi ta Bagauda, daidai inda ake fara hango ƙyallin ruwa, akwai 'yan lambunan fulawa jere da juna. Masu motoci kan tsaya su sayi wardi da sauran shuke-shuken ado a leda ko a tukunya, su kai gidajensu ko otal ko makaranta. Lambun da ya fi kowanne kyau a jerin shi ne na Malam Ukasha, kuma ba sai ka tambaye shi dalili ba, da kansa zai gaya maka. A cewarsa fure yana jin muryarsa. In ya yi gyaran murya da safe, wardi buɗewa yake yi don girmamawa.

Maƙwabta dai sun san matarsa Dije ce ke dashe, ita ke ban ruwa, ita ke aske rassa. Aikin Ukasha shi ne zama a benci da hula a karkace yana tsayar da masu saye da surutu.

A farkon daminar wata shekara cuta ta shigo lambunan. Ganyen wardi sai ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, ya koma rawaya, ya zube. Wadda abin ya fi shafa ita ce Hamdiyya, maƙwabciyarsu ta bayan shinge, wadda da lambun take ciyar da marayunta. Kullum tana tara tukwanen da suka kamu a gefe guda tana share hawaye da bakin mayafi. Lambun Ukasha kuwa ko ɗigo ɗaya babu.

Wata safiya yana teburin Mujitaba mai shayi sai rediyo ya ba da labarin cewa gwamnati ta ware kuɗi don binciken cututtukan da ke addabar masu noman furannin ado, kuma masana za su zagaya Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su duba lambunan da cutar ta fi yi wa ɓarna.

Ukasha ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "Mujitaba, ka ji abin da na ji?"

"Na ji za a yi bincike."

"Kai bincike ka ji. Ni na ji injin ban ruwa. Na ji rumfar raga. Na ji sabon babur. Duk wanda fulawarsa ta fi ta kowa jin jiki, shi za a ɗora a gaba."

Mujitaba ya ce, "Rediyon bai ambaci babur ba, Malam."

"Rediyo ba ya faɗin komai duka, saboda mahassada. Mu da muka san gwamnati, daga yadda mai labarai ya ja numfashi muke gane sauran."

"To ai taka fulawar lafiyarta ƙalau."

Ukasha ya gyara hula. "Wannan ƙaramar matsala ce. Mutumin da ya iya ba fure lafiya, ba shi cuta ne zai gagare shi?"

Ya isa lambu ya tarar da Dije da bokiti a hannu. Ya ce, "Ajiye. Daga yau fulawar nan azumi za ta yi."

Dije ta dube shi. "Azumin me, Malam? Wane zunubi ta yi?"

Ya zayyana mata shirinsa tun daga injin har zuwa babur, har da inda za su riƙa ajiye babur ɗin. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Wato abin da muke ci da shi za ka kashe don a ba ka abin da ba a ce za a ba ka ba."

"Ba kashewa zan yi ba. Kwantarwa zan yi. In an gama rabo sai in tashe su."

Ta ajiye bokitin. Kafin la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka tafka ruwa har tukwane suka cika suka batse. Ukasha ya tsaya ƙarƙashin bishiya yana kallon wardinsa yana shan ruwa kamar da gayya.

Da azumi ya gagara, sai ya tuna cewa ƙazanta ce uwar cuta. Ya ari baro ya nufi rugar Baffa Surajo, wani dattijon makiyayi da ke zaune bayan gonaki. Bayan an gaisa an tambayi iyali da shanu, ya ce, "Baffa, kashin shanu nake so. Amma ba mai kyau ba. Wanda ya fi daɗewa, ya ruɓe, wanda ko kai ba ka son wucewa ta kusa da shi."

Baffa Surajo ya shafa gemu. "Akwai shi can bayan garke. Me za ka yi da shi?"

"Fulawa zan sa wa ciwo."

Dattijon ya dubi bayan garken. Ya ce, "Da wannan?"

"Da shi. Sirri ne na masana, Baffa."

"To Allah ya ba da sa'a. Mu dai a gonar dawa muke zubawa."

Ukasha ya yi ta jigila yana toshe hanci, ya lafta wa kowace tukunya rabonta. Ya zauna jiran mutuwa. Ba a daɗe ba wardi ya yi ganye kore shar, ya fitar da furanni manya-manya irin waɗanda ba a taɓa gani a jerin ba. Motoci suka riƙa cin birki tun daga nesa. Wani mai ɗakin taro daga Kano ya tsaya ya ce a tanadar masa duk wardin da ke layin gaba, zai aiko mota bayan sallah.

Ukasha ya tare shi. "Alhaji, ba na sayarwa ba ne. Marasa lafiya ne."

Mutumin ya dubi furannin, ya dubi Ukasha. "Waɗannan?"

"Ciwon ciki ne. Ba a gani daga waje."

Dije ta zagayo ta bayansa ta ce wa baƙon, "Ka aiko motarka, Alhaji. Maigidan ne ba ya jin daɗi, fulawar lafiya lau."

A ranar nan haushi ya kai Ukasha ga tsayawa tsakiyar lambu yana yi wa wardi faɗa. Ya kira shi butulu, ya kira shi mara kishin maigida. Hamdiyya ta leƙo ta saman shinge ta ce, "Malam Ukasha, da wa kake?"

"Da waɗannan marasa kunyar. Ke kin yi sa'a, naki duk sun kwanta."

Hamdiyya ta yi masa wani irin kallo. "Sa'a ka kira wannan? Allah ya raba ka da irin sa'ata."

Ya ce, "Ba amin ba."

Damar da yake jira ta zo ranar da Dije ta tafi suna Badafi. Yana ganin babur ɗin da ya ɗauke ta ya sha kwana, ya je ya sayo tawada da garin kurkur, ya karɓi sukari wurin Mujitaba ya ce baƙi zai yi. Ya dama tawadar da sukari don ta kama ganye sosai, ya fere tsinke. Sai ya lura bai san ainihin yadda ɗigon yake ba. Ya leƙa, Hamdiyya ta tafi ɗebo ruwa. Ya tsallaka shinge, ya zaɓi tukunyar da ta fi kowacce lalacewa cikin waɗanda ta tara za ta ƙona, ya rungumo ta ya dasa a tsakiyar lambunsa.

Ya zauna gabanta yana kwaikwayo, ganye bayan ganye. Ɗigo baƙi a tsakiya, kurkur a gefe. Tun yana yi da natsuwa har hannunsa ya saba ya fara ƙawatawa: wani ganyen ya yi masa ɗigo a jere, wani ya yi masa zagaye kamar zanen hula. Da ya gama layin gaba ya ja baya ya duba, ya ce a ransa ko ita cutar ba ta iya wannan aikin ba. Tukunyar Hamdiyya kuwa ya bar ta nan tsakiya, ya ce ita ce shugabar majinyata.

Dije ta dawo da yamma ta tsaya a bakin lambu da ƙunshin abincin suna a hannu. Da ta buɗe baki muryarta a sanyaye take.

"Malam, waɗannan na gaba su na yi wa Alhaji alkawari. Tun suna 'yan tsinke nake rainonsu."

"In an kawo injin, Alhajin da kansa zai zo yana roƙo."

"Waccan ta tsakiya fa? Ba tamu ba ce."

"Baƙuwa ce. Ta zo taimako."

Dije ta ajiye ƙunshin. Ta jawo baron da bai mayar wa masu shi ba, ta shiga loda tukwanen layin baya waɗanda tsinkensa bai kai gare su ba. Ya ce, "Ina za ki da su?"

"Tsakar gida. Can ba ka da iko da su sai ka bi ta kaina."

"Kwashe su. Dama su ne masu taurin kan."

Aka sa ranar zuwan masana, aka ɗaga, aka sake sawa, aka sake ɗagawa. Duk ruwan da aka yi sai ya wanke aikin Ukasha, ƙasar tukwane ta yi baƙi, shi kuma ya koma da tsinkensa yana ƙara yawan sukari. Abin da ya ba shi daɗi shi ne wasu ɗigon sun daina wankewa. Ya ce wa Mujitaba, "Hannuna ya faɗa. Yanzu ko ruwan sama ya san aikina."

Ranar da aka tabbatar suna tafe, ya sammako ya dama haɗi mai kauri kamar na alewa, ya bi ganyen nan kaf. Rana na ɗagawa ya fara jin wani gunji. Ya ɗaga kai. Ƙudan zuman da ke cikin kukar bayan lambu sun samu labari. Ya cire hula ya kai wa na farko duka, sauran suka ɗauki abin da zafi. Mutanen bakin titi sun ga Malam Ukasha ya ratsa shinge ba ta ƙofa ba, ya zagaya teburin Mujitaba, ya faɗa cikin kwatar ban ruwa ya nutsar da kai. Sai da Baffa Surajo, wanda ya kawo nono kasuwa tare da iyalinsa, ya hura hayaƙin karan dawa sannan zumar ta watse.

Da farar motar masana ta tsaya, jama'a sun riga sun cika wurin. Ukasha ya sa babbar riga, amma leɓensa na sama ya kumbura ya rufe na ƙasa, ido ɗaya ya shige ciki, hular ta ƙi zama. Wadda ta fito daga motar mace ce mai fara'a da gilashi, ta ce sunanta Dakta Bushira, daga cibiyar binciken cututtukan tsirrai. Ta gaida dattawa, sannan idonta ya faɗa kan Ukasha.

Ta ce, "Sannu, Malam. Mu fa na tsirrai ne. Akwai asibiti kusa?"

"Ranki ya daɗe, wannan ba komai ba ne, tsabar tunani ne. Ni ne Ukasha, masanin fure na wannan yanki. Duk ƙasar nan babu lambun da ya kai nawa shan wahala. Bismillah."

Ya shige gaba yana jawabi, kalmomin suna fita da ƙyar ta gefen baki. Ya ce cutar da ta kama lambunsa ta fi ta kowa tsanani, domin tana da tsari. Ya ce shi ya fara gano ta, ya raɗa mata suna baƙon dauron wardi, kuma ba ya neman komai a wurin gwamnati illa abin da ya sauwaƙa, ko da injin ne da rumfa, babur ɗin ya biyo baya.

Dakta Bushira ta sa safar hannu ta tsuguna. Ta kama ganye ɗaya ta duba ta cikin ɗan madubinta. Ta kama na biyu. Ta ce, "Ban taɓa ganin cutar da ke jera ɗigonta sahu-sahu haka ba."

"Na gaya miki tana da tsari."

Ta murza ganyen. Yatsanta ya yi baƙi da rawaya, ya manne da ɗan'uwansa. Ta kai hanci ta shinshina. "Kuma tana da ƙanshin girki."

Mujitaba ya matso ya leƙa. Ya ce, "Malam, baƙin da ka ce za ka yi ke nan?"

Dariya ta fara daga baya. Baffa Surajo, wanda bai ga abin dariya ba, ya ce da zuciya ɗaya, "Likita, ya yi ƙoƙari fa. Har taki ya ɗiba wurina don ya sa musu ciwo. Na so in yi magana, ya ce sirrin masana ne."

Wannan karon har direban motar sai da ya riƙe ciki. Ana cikin haka Hamdiyya ta kutso, ta tsaya cak tana kallon tsakiyar lambu. Ta ce, "Wannan tukunyata ce. Ga shuɗin fentin da nake sa wa nawa a baki. Na yi ta nemanta in ƙona, na zaci yara ne."

Ukasha ya ce, "Aro na yi."

Fara'ar Dakta Bushira ta ragu. Ta nemi ruwa da tsumma, ta shiga goge ganyen da ke kewaye da tukunyar. Tawada ta fita, kurkur ya fita, amma a ƙarƙashi akwai ɗigon da ya ƙi fita. Ta matsa layi na gaba, haka. Ta matsa na gaba da shi, haka.

Ukasha ya washe abin da ya rage na bakinsa. "Kun gani ko? Wannan ba ya gogewa. A rubuta."

Ta miƙe ta cire safar. "Wannan ta gaske ce, Malam. Duk ruwan da aka yi, feshinsa ya ɗauke ta daga tukunyar nan ya raba wa sauran. Lambunka ya kamu."

"Alhamdu lillahi. To maganar injin fa?"

"Babu injin. Kuɗin na bincike ne. Da su ake ɗaukar samfur a kai ɗakin gwaji, a gano cutar, a gwada magani, a koya wa masu lambu yadda za su kare kansu. Ba a raba wa kowa komai."

"Ko rumfa?"

"Ko rumfa. Kuma bari in gaya maka abin da ya kawo mu nan da farko. Mun ji cewa a Bagauda akwai lambu ɗaya da cutar ta kewaye ta kasa shiga. Shi muka fi ɗokin gani. Da mun same shi, da mun ɗauki iri daga jikinsa, mu yi aiki da mai shi har ƙarshen binciken. Wanne ne?"

Kowa ya juya ya dubi Ukasha. Ukasha ya dubi ƙasa da idon da ke buɗe.

Dije ce ta yi magana daga bakin shinge. Ta ce, "Kina tsaye a cikinsa, Likita. Amma akwai saura a tsakar gida, waɗanda ilimin Malam bai kai gare su ba."

Dakta Bushira ta bi ta gida. Ta fito da fara'arta ta dawo, ma'aikacinta na biye da 'yan rassa a naɗe. Ta ce za su riƙa zuwa wurin Dije, lambun Hamdiyya kuma a nan za a fara gwada magani. Hamdiyya ta rufe fuska da mayafi, wannan karon ba don baƙin ciki ba. Wardin layin gaba kuwa, wanda aka yi wa Alhaji alkawari, aka ce a tara shi a cinna masa wuta kafin ya shafi na maƙwabta. Dije ta tsaya har aka kunna, sannan ta juya ta koma gida ba ta waiwaya ba. Ukasha ya bi bayanta da kallo.

Damuwar tasa ba ta daɗe ba. Kafin a jefa tukunyar Hamdiyya a wuta, ma'aikacin ya fito da abin ɗaukar hoto ya ce yana son wani ya rungume ta kamar zai kai ta wani lambu, don takardar wayar da kai. Ukasha ya riga kowa.

Dakta Bushira ta ce, "Malam, hoton na nuna abin da ba a so a yi ne. Za a liƙa shi a kasuwanni."

"A kasuwanni? Har Ƙafin Maiyaki?"

"Har can."

"To a ɗauka da kyau. Ta wannan gefen, inda idon yake."

Bayan kaka takardun suka fito. Ga Malam Ukasha cikin babbar riga, leɓe a kumbure, rungume da tukunya, an ja masa wani ƙaton jan kuros na hani, layi biyu a gicciye, tun daga kafaɗa har gwiwa. A ƙasa an rubuta cewa kada a ɗauki fure mai cuta daga wani lambu zuwa wani. Ukasha ya samo guda, ya sa aka yi mata gilashi, ya rataye a jikin bishiyar da ke bakin lambu, inda Dije ta sake jera sababbin tukwane, ta kuma kafa masa dokar kada ya wuce benci.

Mujitaba ya zo kallo. Ya ce, "Malam, wannan jan abin da aka ja maka fa?"

"Alamar asibiti ce. Ba ka ganinta a motar marasa lafiya? Likitoci kaɗai ake sa wa."

Dije tana ban ruwa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ta asibiti a tsaye take. Taka a karkace."

Ukasha ya ja baya ya ƙare wa hoton kallo. Ya matsa, ya kama gilashin da hannu biyu, ya karkata shi sannu a hankali har jar alamar ta miƙe tsaye. Shi kuma a cikin hoton ya koma a kishingiɗe, tukunya a ƙirji, kamar wanda ake shirin ɗauka a kai gado.

Ya buga ƙusa ta biyu don kada ya motsa, ya karkaɗe hannu, ya koma bencinsa.